Mai Tasowa da Mai Nutsewa

Wani mafarki Tabawa ta yi daren jiya, irin wanda ko mai fassara ka kai wa sai ya ce ka je ka dawo gobe.

Amma kafin a shiga mafarkin, gara a san Tabawa. Dattijuwa ce gajera mai yawan dariya, tana aiki a wani fili a Dakata inda ake tara tsofaffin robobi kafin a kai su kamfani a narkar. Aikinta warewa ne. Fasasshen bokiti nan, gorar ruwa can, silifa gefe guda, don ba kowace roba ce ke yarda ta narke tare da 'yar'uwarta ba. Mijinta Haladu kuwa a kamfanin roba ya ƙarar da ƙuruciyarsa, a bakin injin da ke busa jarkoki, har ya ajiye aiki. Mutum ne mai mita. In an yi rana ya yi mita, in an yi ruwa ya yi mita, in kuma aka yi lumshi ya ce garin ya rasa inda zai sa gaba. Tabawa ta saba da mitar nan kamar yadda mai gida a bakin titi ke sabawa da ƙarar mota.

To, kwanakin nan mitar ta ɗauke. Zazzaɓi ne ya kwantar da Haladu. An kai shi asibiti an yi allurai, zazzaɓin ya sauka, amma ya tafi da cin abincinsa. Likita ya ce magani ya gama nasa, saura abinci: in ya ci zai tashi, in kuwa bai ci ba, to. Bai ƙarasa ba, ita ma ba ta nemi ya ƙarasa ba. Ta dama kunu ya kau da kai, ta yi fate ya kau da kai. Jiya ta tuƙa tuwon masara da miyar kuka, abin da ya fi so a duniya, ya dube shi kamar yau ya fara ganin tuwo. Tsoro take ji, tsoron kada ya tafi ya bar ta. Ta jingina da bango kusa da shimfiɗarsa da niyyar ta ɗan huta, barci ya sace ta.

Sai ta ga gari ya waye, rana ta fito daga cikin rijiyar gidansu tana ɗigar ruwa. Kujerar roba ta tsakar gida tana zaune a kan wani maƙwabcinsu tana shan hantsi, shi kuma ya yi tsit don kada ya dame ta. Tabawa ta gaishe su duka biyun, kujerar ce ta amsa.

Daga waje aka kwaɗa kira: "Tsofaffin mutane! A fito da tsofaffin mutane! Fasasshe, lanƙwasasshe, mai yoyo, duk muna karɓa!"

Wani shuɗin baho ne yake tura baro. Kafin Tabawa ta gyara ɗaurin zani, bokitin gidan da buta sun tallabo Haladu sun kai shi ƙofar gida. Bahon ya ƙwanƙwasa shi a ƙirji, ya kasa kunne.

"Akwai sauran kyau," in ji shi. "Narkarwa kawai yake so."

Ya miƙa wa buta alawa ƙulli guda, aka ɗora Haladu a baro. Tabawa ba ta tsaya wata shawara ba, ta tattare zani ta haye kusa da shi.

Bahon ya ce, "Iya, ke ai ba ki gama tsufa ba."

Ta ce, "Tura kai dai, ɗan nan. Zan ƙarasa a hanya."

Ya tura. Ta yi masa godiya, don ba kowane mai baro ne zai ɗauki kaya biyu da alawar kaya ɗaya ba.

Kamfanin yana ƙarshen wani titi da ke naɗewa a bayansu kamar tabarma. Hayaƙi yana saukowa daga sama yana shiga bututu, saboda haka sararin wurin tas yake. Silifa suna ta shigowa aiki bibbiyu, wasu suna hamma. Wani silifa ƙafa ɗaya ya makara, yana tsaye a bakin ƙofa yana rantsuwa cewa ɗan'uwansa yana tafe.

A tsakiyar fili akwai wani ƙaton kwami cike da ruwa, mutane sun yi layi a bakinsa. Mai kula da shi wata agwagwa ce da farar riga da tabarau. Tabawa tana ganin kwamin ta gane aikin, don haka ake yi a kamfanin da suke kai wa kaya: a zuba roba a ruwa, wata ta taso, wata ta nutse, a kwashe kowace a kai ta injinta. Abin da ba ta taɓa gani ba shi ne a yi wa mutane.

"Ku shiga da bismilla," in ji agwagwar. "Ban da iyo, ban da riƙe juna."

Suka shiga. Tabawa ta ji ta kwanta a kan ruwa kamar a kan katifa, ko gefen zaninta bai jiƙe ba. Ta juya ta gaya wa Haladu daɗin abin, sai ta ga hularsa tana yin ƙasa. A hankali yake tafiya, hannuwansa a baya, yadda yake tafiya in za shi masallaci. Ta leƙa. Can ƙasan ruwa maza da mata ne zaune sahu-sahu cikin natsuwa, wani ma ya kunna rediyo yana jin labarai. Haladu ya sami wuri ya zauna, bai ko ɗago kai ba.

Tabawa ta dunƙule jiki ta danna kanta ƙasa, ruwa ya dawo da ita. Ta sake, ya sake dawo da ita. Duk nauyin da take ji a zuciyarta bai ƙara mata ko na allura ba.

"Hajiya, ranki ya daɗe," ta ce da agwagwar, "an yi kuskure. Tare muka zo."

"Kowa tare yake zuwa," in ji agwagwar. "Ke mai tasowa ce, shi mai nutsewa. Zafin da zai narkar da shi ƙona ki zai yi, wanda zai narkar da ke kuwa ko gumi ba zai sa shi ba. Yaya aka yi ma kuka zauna gida ɗaya?"

"Haka nan dai, da haƙuri."

Agwagwar ta cire tabarau ta goge da fiffike. Ba muguwa ba ce, aiki ne ya yi mata yawa. Ta ce, "To, ga abin da zan yi miki. Ki kira shi. Duk wanda aka kira da sunansa na yanka yana tasowa, sai in ɗora ku a bel ɗaya, robar nan mai tafiya da kaya, can gaba ku san yadda za ku yi. Amma ki yi sauri, yanzu za a zare toshiyar kwamin."

Tabawa ta sa baki a ruwa ta ce, "Malam!"

Rabin mazan da ke ƙasa suka ɗago kai suka ce, "Na'am?"

Ta ce, "Maigida!"

Sauran rabin ma suka ɗago. Mai rediyo har da rage murya.

"Sunansa, Iya," in ji agwagwar. "Sunan da aka raɗa masa."

Nan fa ake yinta. Tun ranar da aka kai Tabawa gidan mutumin nan, sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Ko a asibiti da aka tambaye ta, ɗan ƙaninsa ta tura ya faɗa. In ta haɗu da wani mai irin sunan, mai sunan Malam take ce masa. Yanzu kuma a ce ta kwaɗa shi a gaban jama'a, maza zaune, har da agwagwa? Ta buɗe baki, kunya ta riƙe harshen. Ta ce, "Baban yaran nan." Ta ce, "Mai farar hular nan, mai tari." Ta tattaro sunan tun daga cikinta, ya hau har maƙogwaro.

Aka zare toshiya. Ruwan ƙasa ya zurara ta wani rami da mutanensa a zaune yadda suke, na sama kuwa ya tsaya cak a inda yake. Abin da ta gani na ƙarshe shi ne ƙeyar Haladu.

Haushin kanta ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta ce a ranta, ke dai Tabawa an yi wawuya, kin riƙe kunya kin saki miji.

Ba ta gama zagin kanta ba ta gan ta a bakin injin ɓarza. Wannan injin ta san shi, shi ne mai daddatsa roba ƙanana-ƙanana, ƙararsa kuma har haƙori take shiga. A nan kuwa waƙar daka yake yi a hankali. Mutane suna shiga ta sama suna fitowa ta ƙasa kamar tsakin masara, suna ci gaba da hirar da suka faro. Wata mata da ke gabanta ta shiga tana ba da labarin bikin jikarta, ta fito a ɓarje ba ta ko rasa inda ta tsaya ba.

Tabawa ta shiga. Tausa ce kawai. Ciwon bayan nan da ta daɗe tana fama da shi, na sunkuyo a kan tulin robobi, ta ji an tsince shi an jefar gefe tare da takardun da ke manne a jikin gorori. Duk da baƙin cikin da take ciki sai da ta ce, "Kai, madalla. Allah ya yi albarka." Injin ya ce amin.

Aka wanke su, aka shanya su a inuwa don a ƙasar nan inuwa ce ke busar da kaya.

Ɗakin narkarwa kuma wata hawainiya ce ke riƙe da shi. Ita ce mai zuba launi, kuma duk launin da ta ɗebo sai jikinta ya ƙi shi ya koma wani. A bayanta mazubai ne jere a kan kanta, wato ƙarafan da ake ɗura narkakkiyar roba a ciki ta ɗauki siffa. Kowane ɓari biyu ne, in suka haɗe sai su bar rami a tsakiya mai kamar abin da ake so. Ga na bokiti, ga na kujera, ga na baho, ga na kwandon wanke-wanke.

"Kowa ya zaɓi abin da zai zama," in ji hawainiyar, ido ɗaya a kansu, ɗaya a kan agogon bango da ke tafiya da baya.

Wuri ya kaure. Wani tsohon ɗan dako ya ce shi kujera, ya gaji da tsayuwa. Aka gaya masa kujera ma ɗaukar mutane take yi, ya ce ba a ƙasar nan ba. Mai labarin biki ta zaɓi kular abinci don kada a yi wani taro babu ita. Tabawa tana gefe, tsakinta a tare wuri ɗaya, sai hawainiyar ta juyo da ido ɗaya kanta.

"Iya, ke fa?"

"Ni tambaya gare ni. Waɗanda suka nutse, ina ake kai su?"

"Ba layinmu ba ne. Suna bayan bangon can."

"To, ki taimake ni don Allah. Ki ɗebe ni ki watsa a cikin nasu. Ko cokali ɗaya ne, ba wanda zai sani."

Hawainiyar ta yi ja, ta yi kore, sannan ta ɗauko wani kofi daga kan kanta ta ajiye a gabanta da hannu biyu, kamar mai ajiye ƙwai. Launinsa ba ya da suna, jikinsa duk ɓawo-ɓawo.

"An taɓa yi," in ji ta. "Tambaye shi."

Kofin ya yi magana da murya biyu, ta mace da ta namiji. "Kada ki soma, baiwar Allah. Mu ma roƙo muka yi aka haɗa mu. Ga shi ba mu narke tare ba, ba mu kuma rabu ba. Ruwan sanyi ma ba ma iya riƙewa."

Muryar namijin ta ce, "Ke ce kika nace."

"Kai kuma ka hana?"

Yana faɗin haka ya tsage daga baki har gindi. Hawainiyar ta mayar da shi kan kanta, ta ce kullum haka yake yi, zuwa la'asar zai haɗe.

Tabawa da kanta ta sha cire gorar ruwa guda ɗaya tak daga cikin buhun bokitai, don ta san abin da take jawowa. Ba za ta zama sanadin da Haladu zai fito a tsage ba. Gara ya zama abu mai kyau a inda ba ta ganinsa. Ta yi kuka, hawayen suka gangara sama suka taru a silin.

"Ki yi duk abin da kika ga dama da ni," ta ce. "Abin da ya rage."

"Manyan duk an ɗauke. Saura wancan." Ta nuna wani mazubi a ƙarshen kanta, mai ƙananan ramuka jere kamar tandar waina. "Wane launi?"

"Shuɗi. Yana son shuɗi, ko da yake bai taɓa faɗa ba."

Aka juye ta a mazurari, ta gangara cikin wani dogon bututun ƙarfe mai zafi. A cikinsa akwai wani ƙarfe mai murɗi yana juyawa, yana tura su gaba yana cakuɗa su, zafi kuma yana ƙaruwa taki bayan taki. Ba zafin wuta ba ne, irin na ɗakin mai jego ne. Ta ji tsakinta yana laushi, yana kama juna, har ta koma kamar kunun kanwa mai kauri. A cikin duhun nan, da babu maza babu agwagwa, ta buɗe baki ta faɗi sunan a hankali. Sau ɗaya ta faɗa. Ya fita ya zama ƙwayar iska a cikin robar.

Daga waje hawainiya ta buga bututun. "Wace ce ke magana a ciki? Kuna sa mini iska a kaya!"

Tabawa ta ce a yi haƙuri, ba za a ƙara ba.

Ƙarfen ya ja da baya, ya tattara ƙarfi, ya danno su gaba gaba ɗaya. Ta kurɗa ta wata 'yar ƙofa kamar ta allura ta faɗa ɗaya daga cikin ramukan nan. Mace guda, da zaninta da ɗankwalinta da duk abin da ta sani, ta shige tsaf har da sauran wurin miƙe ƙafa. Ruwan sanyi yana zagaya bangon ƙarfen ta ciki. Ta ji tana sandarewa, tana ɗaukar siffar ɗakin. Mazubin ya buɗe, wani ɗan tsinken ƙarfe ya zungure ta a baya cikin ladabi, ta faɗo ƙwal a cikin kwando.

Ta duba jikinta. 'Yar mitsitsiya ce, zagayayya, shuɗiya, da zare-zare a cikinta. Murfin gora aka yi da ita. Ta ce to, alhamdu lillahi, ko ba komai ba a zama bututun masai ba.

Murafan da ke kwandon suna da yawa, wasu mutane ne, wasu tsofaffin robobi da aka sake narkarwa, don a ƙasar nan ba a bambancewa. Aka ɗauki kwandon aka bi ta wata ƙofa a jikin bangon da hawainiya ta nuna. Aka juye su a wani kwararo mai gangara, suka jeru ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sama tana ganin ɗakin duka.

Ashe nan ake kawo masu nutsewa. Su ba a gama su a mazubi ɗaya. Da farko an zuba su sun fito 'yan ƙanana masu kauri, kamar babban yatsa. Yanzu ga su a rataye suna wucewa ta gaban fitilu masu zafi har su yi laushi. Sai mazubi ya rungume kowane, a zura masa tsinke ta baki, a busa masa iska fuu, ya kumbura ya cika ɗakin. In aka buɗe sai ga gora, doguwa, garau, kana hango bayanta ta cikinta. Masu busawar kwaɗi ne, sun yi layi suna karɓar juna, wanda ya gaji ya koma gefe ya sha shayi.

Gororin suna hawa bel, a cika su da kunun zaƙi, su biyo ta ƙarƙashin kwararon. Duk wadda ta iso, murfi ɗaya ya sauka a kanta, wani hannun ƙarfe ya murɗa, a wuce.

Tabawa ta zuba ido. Duk kamarsu ɗaya, ba hula ba gemu. Ta ce a ranta ko da yana cikinsu, ta yaya za ta gane shi?

Sai ta ji daga can baya wata gora tana cewa, "Wannan wace irin busa ce? Kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya. Mu a zamaninmu in ka busa jarka haka, ranar za ka ajiye aiki. Kuma wa ya ce a sa fitila ta yi wannan zafi? Sai ka ce masu gasa tsire."

Da murfi yana da ƙafa, da ta yi rawa. Wani daɗi ya cika ta har zaren cikinta. Ba ta taɓa sanin mita tana da zaƙi haka ba.

Amma da ta dubi layi sai murna ta koma ciki. Ita ta kusa bakin kwararo, shi kuwa yana can baya. In aka tafi a haka, a kan wata gora za a murɗa ta, wani murfin kuma ya hau kansa, a sa su a mota daban-daban. Wannan karon ba ta tsaya jin kunyar kowa ba.

Ta ce da murfin da ke bayanta, "Bawan Allah, don girman Allah wuce gabana. Mijina ne can baya, mai surutun nan."

Murfin ya dube ta da kyau. "Iya, ba ke ce ta filin Dakata ba? Ni ne murfin bokitin fenti da kika zaro daga cikin kwata, ana cewa ki bar shi ya yi datti. Ba don ke ba da yanzu ina can ina toshe wa mutane ruwa." Ya mirgina ta kanta ya wuce, ya kuma ɗaga murya: "Jama'a, Iya ce! A ba ta hanya, baya za ta!"

Magana ta bi layi. Wannan ya ce shi ƙafar kujera ne da ta tsinta a bola, wannan ta ce ita jarkar manja ce da kowa ya ƙi taɓawa. Tabawa ba ta tuna ko ɗaya ba, aiki ne kawai take yi a lokacin, tana ma yi tana tsaki. Suka dinga tsallake ta ɗaya bayan ɗaya, kowane ya gaishe ta ya faɗa kan gorarsa. Ita kuwa ban da na gode, na gode, Allah ya saka, babu abin da ke fita daga bakinta. Wani jan murfi ne kawai ya tsaya gardama, ya ce shi bai san ta ba kuma layi layi ne. Na bayansa suka ɗaga shi cak suka wuce da shi.

Mai mitar ya iso ƙarƙashin kwararo yana cewa bel ɗin ma ba a sa masa mai ba. Tabawa ta saki jiki. Hannun ƙarfe ya kama ta ya murɗa, zarenta ya bi zarensa daidai, kamar tare aka yanka su.

"Wayyo. Wane ne wannan ya matse ni haka?"

"Ni ce, Malam."

Kunun da ke cikinsa ya ɗan girgiza.

"Tabawa? Ina kika shige tun ɗazu? Na waiwaya a cikin ruwan nan ban gan ki ba."

"Ba ka waiwaya ba, Malam. Ina kallonka."

"To, na yi niyya."

Agwagwar nan ta zo wucewa da farar rigarta, ta tsaya ta dube su ta saman tabarau. Ta ce, "Au, kun haɗu? Ai dama nan ake haɗuwa. Gora daga masu nutsewa, murfi daga masu tasowa, haka ake yi tun fil azal."

"Hajiya, shi ne ba ki gaya mini ba, kika bar ni ina ta kuka?"

"Ba ki tambayi inda ake ƙarewa ba. Inda ake farawa kika yi ta tambaya." Ta wuce tana rangaji.

Tabawa ba ta ji haushinta ba. Ta gode mata, ta gode wa kwaɗin, ta gode wa hannun ƙarfe. Bel yana tafiya da su a hankali wajen wata ƙofa mai haske, tana zaune daram a kansa, ko ɗigo ba ya zuba.

Can Haladu ya ce, "Tabawa."

"Na'am, Malam."

"Kin ga sun cika ni da kunu har wuya."

"Na gani."

"To, ni yunwa nake ji."

Kafin ta amsa, wani abu ya fara ƙara a ƙarƙashin bel ɗin. Ƙurr, ƙurr, kamar ƙarfe yana gogar ƙarfe. Kwaɗin suka daina busa, gorori suka tsaya. Ƙarar ta yi ta matsowa har ta cika ɗakin, ta cika kunnenta.

Ta buɗe ido. Gari ya yi haske, wuyanta ya ƙage don yadda ta kwana a jingine. Ta dubi shimfiɗa, ba kowa, sai bargo a yaye. Ta miƙe zumbur, ta yi waje ko ɗankwali babu.

Yana zaune a bakin murhu a kan turmi, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya rungume tukunyar tuwon jiya a tsakanin gwiwoyinsa, yana kankare ƙanzo da cokali. Kwanon tuwon da ta rufe masa jiya yana gefe, an sharce shi tas.

Ya ɗago ya dube ta, baki cike. "Kin tsaya kina kallona. Wannan tuwon da gudaji kika tuƙa shi, miyar kuma ko ɗumamawa ba a yi ba. Mutum yana kwance ba lafiya, a rasa mai ba shi abinci a gidan nan."

Tabawa ta durƙusa a inda take, dariya da kuka suka zo mata tare. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Faɗi, Malam, faɗi duka, ina ji."

Ta jawo itace ta fara hura wuta.